Idon Hagun Baba Seidu

Masaukina na farko a London wani ɗaki ne a saman bene a Dagenham, wanda tagarsa ba ta buɗuwa, hitar ɗumama shi kuma sai ta ga dama take kamawa. Na zo ne domin karatun digiri na biyu a fannin adana bayanai, bayan na yi shekara goma sha ɗaya ina riƙe da rajistar wata kotu a Gusau. A tsawon waɗannan shekaru babu fayil ɗaya da ya salwanta a hannuna. Na ambaci wannan ne domin mai karatu ya san irin matar da abin da zan faɗa ya auku a hannunta.

Matar da ta ba ni hayar ɗakin 'yar ƙasarmu ce. Ranar da na shiga na nemi mu rubuta yarjejeniya, sai ta yi dariya ta ce, "Haba ƙanwata, tsakanina da ke har sai da takarda?" Na ji kunya na bar maganar. Bayan wata uku na dawo daga makaranta cikin ruwan sama, na tarar da akwatina a bakin matakala, an ba wani ɗan'uwanta ɗakin. Duk inda na kai kuka, tambayar farko ita ce ina takardata. Ba ni da ita. A ranar na ƙudura cewa muddin ina ƙasar nan, ba zan sake yarda da wani abu da ba a rubuta ba.

A Dagenham ɗin kuma na koyi tsoron wata kalma. A jikin bizar yawancinmu akwai layi ɗaya na Turanci da ke cewa ba mu da hakkin cin kuɗin tallafin gwamnati. Wannan tallafi shi ake kira benefit. A sashen mata na masallaci, idan za a ambaci kalmar sai an rage murya. Wata dattijuwa da ta ba ni katifa a falonta har na sami wani ɗakin, ita ta fara ja mini kunne. Ta ce, "'Yata, ki ci gari da ruwa idan ta kama, amma kada ki kuskura sunanki ya haɗu da benefit a takarda ɗaya. Ranar sabunta biza za su fito miki da ita." Na rubuta wannan a littafina, kamar yadda nake rubuta komai.

Shekarar karatun ta wuce cikin sanyi da kewar gida. Duk ranar Juma'a nakan kira Inna, ta tambaye ni abin da na ci, in lissafa mata abincin da ban ci ba. Da na kammala aka ba ni izinin zama in yi aiki na wani lokaci. Na aika takardun neman aiki har na daina ƙirgawa, kafin wata ƙawata ta haɗa ni da wani ƙaramin kamfanin aika kaya a Tottenham, da ke neman mai kula da takardu.

Mai kamfanin shi ne Alhaji Isaka, mutumin zangon Kumasi a Gana. Aikinsu tattara ganguna da akwatuna daga gidajen mutane, a loda su a jirgin ruwa zuwa Afirka ta Yamma. Ma'aikata shida ne, ni ce ta bakwai. Safiyar da na fara aiki, wani dattijo siriri mai furfura a gemu ya leƙo ofis ya ce, "Kai ne sabon malama?"

Na waiga in ga namijin da yake yi wa magana. Babu kowa a bayana.

"Da kai nake, Malama. Ka zo lafiya?"

Wannan shi ne Baba Seidu, direban motar kamfanin. A Hausarsu ta zango mace da namiji duk "kai" ne. Na yi kwana biyu ina gyara masa, yana cewa to, yana maimaitawa, har na haƙura. Shi ne mutumin farko a London da ya lura ba na cin abincin rana. Bai yi mini magana a kai ba. Kawai na fara tarar da roba a kan teburina, cike da shinkafa da wake irin nasu mai ja, da yaji baƙi a gefe. Idan na yi godiya sai ya ce, "Mata na ya dafa da yawa."

Baba Seidu yana da abin alfahari guda ɗaya, kuma kowa a kamfanin ya haddace shi. Ya yi shekara tara yana sabunta izinin zamansa, saura shekara ɗaya ya nemi na dindindin, kuma a duk tsawon lokacin bai taɓa karɓar benefit ba. Yakan ɗaga yatsa ya ce, "Ko na biredi ban ci ba. Su duba littafin su."

A ƙarshen watana na farko, Alhaji ya buɗe durowa ya fito da ambulan shida, ya bi kowa ya miƙa masa. Na duba takardun albashi, ban ga alamar wannan kuɗi ba. Na duba fayil ɗin banki da na haraji, babu. Na same shi a ofis na tambaya cikin ladabi.

Ya ce, "Kuɗin lafiya ne." Ya ba ni labarin wani ma'aikacinsa na da, wanda ya daɗe a layin asibitin gwamnati yana jiran aikin ƙugu, har ya kasa tafiya ya bar aiki. Tun daga lokacin Alhaji ya sa kowane ma'aikaci ya sayi inshorar lafiya da sunan kansa, domin idan ciwo ya zo ya ga likita a asibitin kuɗi ba tare da dogon jira ba. Shi kuma duk wata yana ba kowa abin da zai biya.

Na ce, "Alhaji, wannan alheri ne babba. A ina aka rubuta shi?"

"A ina kuwa? Don Allah na yi. Ka taɓa ganin an kai sadaka wurin akanta?"

"Shekara nawa ana yin haka?"

"Huɗu. Ko biyar."

Kuɗi yana fita daga hannun mai kamfani zuwa hannun ma'aikata shekara huɗu ko biyar, shi kansa bai tabbatar ba, babu ko layi ɗaya a takarda, a ƙasar da na ga an fitar mini da akwati saboda rashin takarda. Na gaya masa kai tsaye cewa ba zan iya sa hannu a kan takardun albashin da na san ba su cika ba. Ko dai mu je mu tambayi masana doka, ko ya nemi wata. Ya dube ni ya ce ashe abin da ake faɗa a kan matan Najeriya gaskiya ne. Amma ya yarda.

Lauyar da muka gani tana da ofis a Stratford, a saman wani shagon sayar da waya. Sunanta Hadiza, Bakanuwa ce, ta girme ni da 'yan shekaru. Ta saurari Alhaji har ya gama, sannan ta cire tabarau.

Ta ce, "Alhaji, doka ba ta hana ka biya wa ma'aikatanka inshora ba, ko kamfani ƙarami ne ko babba. Yadda kake biya ne matsalar. Hanyoyi uku ne. Idan ka ba mutum kuɗi a hannu ya je ya biya tasa, wannan albashi ne a idon hukuma, dole ya bi ta payroll, wato lissafin albashi, a cire haraji. Idan inshorar tasa ce amma kai kake tura kuɗin kai tsaye ga kamfanin inshora, sai ka yi reporting, wato ka sanar da hukuma, a ƙarshen shekarar haraji, shi ma ya biya harajin abin. Ta uku, kamfaninka ya saya musu ta bai ɗaya da sunansa. Ita ma akwai haraji."

Alhaji ya ce, "Kyauta fa na ba su."

"Na sani."

"Ƙasar nan har kyauta ana yanka mishi haraji?"

"Har kyauta, Alhaji. Kuma na shekarun baya sai an gyara."

Na yi mata tambayoyin da na tsara tun daga gida. Ko dole ne ya yi wa kowa, ko zai iya zaɓe? Ta ce zai iya kafa sharaɗi, amma idan ya ba wasu ya hana wasu saboda jinsi ko addini ko ƙabila, ya shiga wata shari'ar. Ko zai iya cire kuɗin daga albashin mutum? Ta ce sai da amincewarsa a rubuce. Sai na tambaye ta wane ne mai inshorar, wanda ya biya ko wanda sunansa ke jiki. Ta ce, "Mai sunan. Alhaji yana iya biya shekara ashirin, idan ya kira su ba za su gaya masa ko ranar haihuwar mutumin ba."

Alhaji ya zaɓi hanya ta biyu, domin kowa ya ci gaba da inshorar da ya daɗe da ita. Ya kuma ɗauki nauyin gyaran baya shi kaɗai, bai taɓa albashin kowa ba. Har mun miƙe, lauyar ta ƙara da cewa, "Abu ɗaya. Takardar da za ku ba kowa a ƙarshen shekara, akwai kalmar benefit a samanta. Ba ta gwamnati ake nufi ba, ana nufin abin da mai aiki ya yi wa ma'aikaci ban da albashi. Amma kun san mutanenmu da kalmar nan. Ku yi musu bayani kafin ta iso."

Na rubuta wannan gargaɗi a littafina, na ja layi a ƙarƙashinsa. Da muka koma Tottenham na buga sanarwa mai shafi ɗaya da Turanci, wadda har yau nake ganin babu kuskure ko ɗaya a cikinta, na manna ta a allon da ke kusa da butar shayi. Na yi alama a littafina cewa an yi bayani.

Watanni suka wuce. Na shirya wa kowane ma'aikaci fayil, da kwafin inshorarsa da shaidar biyan kowane wata. Wajen ƙarshen sanyi Baba Seidu ya fara riƙe takardar adireshi a nesa yana ƙanƙance ido. Wata rana ya wuce gidan da zai ɗauki kaya har sau biyu bai ga lambar ba. Likita ya duba ya ce yanar ido ce ta fara rufe idanun biyu, kuma idan ta ƙara kauri dole ya ajiye tuƙi. Ga mutumin da bai san wata sana'a ba, wanda kuma ya rantse ba zai taɓa tallafi ba, ajiye tuƙi na nufin ajiye abincin gidansa.

A nan alherin Alhaji ya yi rana. Da yake Baba Seidu ya sayi inshorarsa shekaru kafin ciwon ya bayyana, kamfanin ya amince zai biya aikin idanun biyu. Aka sa na dama a farkon wani wata na bazara, na hagu kuma bayan makonni shida. Ni na yi masa booking na ranakun a asibiti, ni na ajiye wasiƙar amincewar. Ya riƙa zolayar abokan aiki yana cewa su gyara fuskokinsu, ya kusa fara ganinsu.

Takardun ƙarshen shekara suka iso daga wurin akanta saura mako uku a yi aikin farko. Na bi ƙa'idar da na sani tun daga kotu. Na sa takardar kowa a ambulan, na liƙe, na rubuta suna. Ranar Juma'a bayan an dawo daga masallaci na kira su ɗaya bayan ɗaya, kowa ya karɓa ya sa hannu a rajista. Ban buɗe ta kowa ba, domin a tarbiyyar aikina takardar mutum sirrinsa ce. Baba Seidu ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa rajistar kafin ya ga layin da zai sa hannu. Na ga haka da idona. Ban tambayi kaina yadda mutumin da bai ga layin sa hannu ba ya karanta sanarwar da ke kan allo ba.

Ranar Litinin da safe ya shigo, ya ajiye mini robar abinci kamar kullum, ya zauna a kan wata ganga. Fuskarsa a sake take, irin ta wanda ya tsallake rijiya.

Ya ce, "Malama, Allah ya tsare. Na yi cancel."

"Cancel ɗin me, Baba?"

"Inshora. Ashe benefit ne. Alhaji bai sani ba, kai ma ba ka sani ba, ban riƙe ku ba. Amma na fita tun da wuri."

Na ji kamar an zare kujerar da nake kai. A hankali ya ba ni labari. Matarsa ce ta buɗe ambulan ɗin, ta ga kalmar a sama da manyan haruffa, ga sunansa a ƙasa. Ranar Asabar suka tafi wurin wani mutum da ke cika wa mutane fom a bayan wani shago kusa da tashar jirgin ƙasa. Mutumin ya kalli takardar sau ɗaya, ya ce shekara tara ta lalace, sai dai idan an soke inshorar nan take a nuna ba da sani aka ci ba. Ya karɓi kuɗin shawara, ya buga waya, ya miƙa wa Baba Seidu, ya ce duk abin da aka tambaye shi ya ce yes.

"Sau nawa ka ce yes?"

"Uku. Matar da ya ɗauki wayar ya yi ta tambaya ko na tabbata."

"Baba, aikin idonka fa?"

"Ido?" Ya ɗaga kafaɗa. "Gara makaho a London da mai ido a filin jirgi. Yara na suna makaranta a nan."

Na ce masa kalmar iri biyu ce. Na ce wannan kuɗin Alhaji ne, ba na gwamnati ba. Na tashi na cire sanarwar daga allo na ɗora masa a cinya. Ya shafa ta da yatsa ya ce, "Wannan? Na ɗauka jadawalin hutu ne."

Alhaji ya shigo ya ji, ya ɗauki waya a fusace ya kira kamfanin inshorar. Ina jin sa yana cewa shi ne mai biya, shi ne mai kamfani, ga lambar asusunsa. Aka amsa masa cikin ladabi cewa ba za a iya tattauna inshorar wani da shi ba. Ya ajiye wayar ya dube ni ya ce, "Shekara biyar ina ba shi a ambulan, ido bai taɓa shiga haɗari ba. Wata nawa da ka rubuta?"

Har yau ina da yaƙinin cewa rubutawar daidai ce, kuma da zan koma baya zan sake nacewa a kai. Amma littafina yana cikin jakata, da gargaɗin lauya da layi a ƙarƙashinsa, da alamar da na yi da hannuna cewa an yi bayani. A shekara goma sha ɗaya na aikin kotu ban taɓa shigar da ƙarya a rajista ba. Wannan alamar ƙarya ce.

Mutum ɗaya ne a duniya zai iya kiran kamfanin, shi kuma ya ƙi. Kwana huɗu muna fama. Alhaji ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya kawo limamin masallacinsu. Baba Seidu ya ce duk ya ji, amma mu masu magana ba bizarmu ba ce a kan tebur. Ranar Juma'a da safe na roƙe shi ya raka ni Stratford kawai, ba sai ya ce komai ba. Ya yarda saboda kunya.

Muka hau jirgin ƙasa muka tafi. Lauya Hadiza ta zaunar da shi, ta yi masa bayani da Hausa, ta buɗe masa jerin abubuwan da hukuma ke ƙirgawa a matsayin tallafin gwamnati, ta karanta masa ɗaya bayan ɗaya. Babu inshorar da mai aiki ya biya a ciki. Ya saurara har ƙarshe.

Ya ce, "Hajiya, kai ɗan ƙasa ne yanzu. Idan ka yi kuskure, a gidan ka za ka kwana."

Sai na buɗe jakata. Na fito da wayata na nuna shafin bizata, na roƙi lauyar ta karanta masa layin da ke jiki, layin nan da ke jikin tasa. Sannan na fito da tawa takardar ta ƙarshen shekara, domin ni ma Alhaji ya fara biya mini inshora, na ɗora yatsansa a kan kalmar da ke sama.

Na ce, "Baba, ga sunana, ga kalmar. Ban yi cancel ba, kuma ba zan yi ba. Ni ma ina da Inna da ke jiran abin da zan aika. Idan wannan takarda tana korar mutum, jirgi ɗaya za mu shiga ni da kai."

Ya ɗaga takardar ya kai ta dab da idonsa na dama, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Kai da ba ka yarda da ko gaisuwa sai an rubuta." Sannan ya miƙo hannu. "Kawo waya."

Amsar da muka samu ta fi abin da na zata muni. An riga an soke inshorar, kuma ba a mayar da wadda aka soke. Yana iya sayen sabuwa a ranar, amma yanar idonsa ta zama tsohon ciwo, sabuwar ba za ta biya aikinta ba. Biyan shekara biyar ya tafi a kan yes uku. Matar da ke wayar ta ce sokewar ta fara aiki tun ranar Asabar da ya kira.

A nan ne fayil ɗinsa da na ɗauko daga ofis ya yi amfani. Na tuna cewa kuɗin watan ya fita daga asusun Alhaji kwana biyu kafin wannan Asabar. Na zaro shaidar banki, na zaro kwafin sharuɗɗan inshorar, wanda babu wanda ya taɓa karantawa sai ni, na nemo sakin layin da ya ce wanda ya soke, inshorarsa tana ci gaba da aiki har ƙarshen watan da ya biya. Baba Seidu ya ba da izini da bakinsa in yi magana a madadinsa. Na karanta mata sakin layin da lambarsa. Ta ce in jira. Muka jira minti ashirin da biyu muna jin kiɗa. Ta dawo ta ce gaskiya ne, inshorarsa tana nan har ranar ƙarshe ta wata.

Aikin idon dama kuwa an sa shi kwana huɗu bayan ƙarshen watan.

Na kira asibitin daga ofishin lauyar. Babu gurbi. Na kira da yamma, na kira ranar Litinin, na kira kowace safiya da zarar sun buɗe, har sakatariyar ta gane muryata. A kwana na shida ta kira ni da kanta, ta ce wata tsohuwa ta ɗage nata aikin, akwai gurbi jibi. Ban san sunan tsohuwar ba, amma ina sa ta a addu'a. A gurbinta aka yi aikin idon dama, kafin wata ya ƙare. Ido na biyu ba a yin sa sai na farko ya warke, don haka na hagu ya faɗa bayan wa'adi. Mun rubuta wa kamfanin inshorar ƙorafi cewa an ruɗe shi ne. Suka amsa cewa sun saurari muryarsa a faifai, an tambaye shi sau uku, ya amsa sau uku. Mai cika fom ɗin kuwa, da Alhaji ya je nemansa, mai shagon ya ce bai san wani mai irin wannan kama ba.

Ranar da Baba Seidu ya dawo aiki, ya tsaya a ƙofar ofis ya rufe idon hagu da tafin hannu, ya kalle ni da na dama daga sama har ƙasa.

Ya ce, "Ashe kai yaro ne. Da faɗan nan naka na ɗauka ka kai sittin."

Na ce masa ina neman gafara, kuma na faɗi laifina dalla-dalla, a gaban Alhaji da sauran. Ya ce in bar maganar, abincina zai huce.

Tun daga lokacin, duk takardar da ta shigo da sunan ma'aikaci, nakan tambaye shi ko yana so in karanta masa. Idan ya amince sai mu zauna in fassara layi bayan layi, in tsaya a kan kowace kalma mai fuska biyu, ya maimaita mini abin da ya fahimta da bakinsa. Sai bayan haka yake sa hannu. Na ƙara shafi a rajistar domin wannan.

Likita ya auna idon dama ya ce ya isa tuƙi, don haka motar tana hannunsa. An sa sunansa a layin asibitin gwamnati saboda na hagu. Yayin da nake rubuta wannan, wata na bakwai ke nan, kuma yanar ta yi fari har ana ganinta daga nesa. Ranakun da ake ɗaukar kaya a cikin gari, inda masu keke suka yi yawa, na roƙi Alhaji ya bar ni in riƙa bin motar da sunan duba takardun kaya. Kowa ya san ba don takardun ba ne. A ƙasar nan direba a dama yake zama, kujerar fasinja tana hagunsa. Duk lokacin da za mu sha kwana, Baba Seidu yakan duba madubi, ya juya kansa gaba ɗaya, sannan ya rage gudu ya ce, "Malama, duba mini."

In duba, in gaya masa abin da na gani.